Hular da ke Ba da Wuta: Daga Ofishin Tarho zuwa Raspberry Pi

A watan Agusta na 2018 masu ƙera Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan da faɗinta bai wuce na katin cirar kuɗi ba, suka fito da wani ɗan allo na dala 20 da ake kifa mata a ka. Irin waɗannan alluna ana kiran su HAT. Gajarta ce ta wasu kalmomi, amma da gangan aka zaɓe ta, domin a Turanci kalmar na nufin hula. Mu ma sai mu kira ta hula. Aikinta biyu ne. Na farko, ta tatso wutar lantarki daga cikin wayar da ke kawo wa kwamfutar intanet, yadda ba sai an nemi soket da caja ba. Na biyu, akwai 'yar fanka a tsakiyarta, mai faɗin milimita 25, da ke yi wa ƙwaƙwalwar kwamfutar fifita. Ba a rufa wata guda ba masu saye suka fara kuka, kamfanin ya amsa cewa lalle akwai matsala, aka koma da hular ɗakin gwaji.

Wanda ya tsinci labarin daga nan zai ce ai ƙaramin tuntuɓe ne na kamfani ɗaya, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai dabarar da ke cikin hular ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, ta girmi gidan rediyo ma. A ofishin tarho aka yanke mata cibiya.

Lokacin da tarho ya fara yaɗuwa a Amurka, bayan Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1876, kowane gida mai waya da batirinsa. Batiri ne irin na wancan zamani, tulun gilashi mai ruwan sinadari, a zaune cikin akwatin katako a jikin bango. Yakan yi yoyo, yakan ci katakon, yakan mutu ba sallama, kuma dole kamfani ya riƙa tura ma'aikaci gida-gida yana duba shi. Mai son kiran wani sai ya murɗa wani hannu a gefen akwatin don ya ankarar da mai haɗa layi a ofis. In masu waya ɗari ne a gari, ana iya jurewa. In sun kai dubbai, yawon duba batiri kaɗai ya isa ya cinye riba.

A shekarun 1890 injiniyoyin kamfanin Bell, cikinsu har da Hammond Hayes, suka juya lamarin. Aka kwashe batiran gidaje, aka girke babba guda ɗaya a ofis, aka ɗora wa silin tagulla biyun da ke ɗauke da murya nauyin ɗauko wuta ma. An fara aiki da wannan tsari a garin Lexington na jihar Massachusetts a 1893. Da tafiya ta yi tafiya ƙarfin wutar ya tsaya a bolt 48, wato gidajen batirin dalma 24 a jere, kowanne bolt 2. Ƙarfin ya isa ya kai ƙarshen dogon layi, bai kuma kai wanda zai kashe ma'aikacin da ya taɓa shi da hannu ba. Har wata hikima suka ƙara: ɓangaren batirin mai alamar tarawa shi ake haɗawa da ƙasa, domin sun lura cewa ta haka tagullar da ke binne cikin danshi ba ta saurin cinyewa.

Duk wanda ya yi zamani da wayar girke ta NITEL ya ga amfanin wannan tsari ko da bai san sunansa ba. NEPA ta ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu, amma ka ɗaga kan waya ka ji tana huci. Wutarta ba daga mitar gidanku take zuwa ba.

Akwai wasu dabaru biyu na masu tarho da ya kamata mu riƙe, don za mu sake haɗuwa da su. Ɗaya ita ce murɗa sili biyu kamar tufkar igiya, abin da Bell ya yi wa rajista a 1881, don hayaniyar da ke shiga wannan sili ta shiga wancan daidai wa daida su kashe juna. Ɗayar ta fi ban mamaki. A shekarun 1880 injiniyoyi, cikinsu har da John J. Carty, suka gano cewa in kana da tufka biyu masu ɗauke da hira biyu, kana iya cusa hira ta uku ba tare da ka ƙara ko sili ɗaya ba. Kowace tufka tana ƙarewa ne a jikin ƙaramar taransifoma. In ka fito da wani reshe daga tsakiyar naɗin taransifomar daidai, duk abin da ka tura ta wannan reshe zai rabu biyu ya bi silin biyu kafaɗa da kafaɗa, taransifomar kuwa bambancin da ke tsakanin silin biyu kawai take ji, don haka ba ta san ma an wuce ba. Tufka ta farko ta zama hanyar zuwa, ta biyu ta zama hanyar dawowa. Suka sa wa wannan layi suna layin fatalwa, tun da ana magana a kansa amma ba a ganin wayarsa.

Masu aikin sauti sun ari dabarar tun kafin masu kwamfuta. A 1966 kamfanin Neumann na Jamus ya ƙera wa gidan rediyon ƙasar Norway makirfo mai shan wuta ta cikin wayar da ke ɗauke da sautinsa, aka kuma yi amfani da bolt 48 saboda dama akwai shi a ɗakunan gidan rediyon don fitilun ko-ta-kwana. Maɓallin nan da aka rubuta wa 48V a jikin mikisar kowane situdiyo, har da na mawaƙan Kano, daga nan ya samo asali.

Wayar kwamfuta kuwa ba da niyyar ɗaukar wuta aka haife ta ba. A ranar 22 ga Mayu, 1973, Robert Metcalfe ya rubuta takardar da ta zama mafarin Ethernet a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya, ya kuma gina ta tare da David Boggs. Kaurin wayar farko ya kusa na ɗan yatsa, kwamfutoci kuma manyan kaya ne masu shan wuta daga bango, babu wanda zai yi mafarkin ciyar da su ta wayar saƙo. Abin da ya canza lissafi shi ne matakin da aka ɗauka a 1990, lokacin da hukumar injiniyoyi ta IEEE ta amince Ethernet ta bi ta tufkar tagulla irin ta tarho, a tsawon da bai wuce mita 100 ba. Dalilin kuwa na kasuwa ne: gine-ginen ofisoshi cike suke da irin wannan waya, ba sai an fasa bango ba. Wayar da ta zama ruwan dare tana da sili 8, wato tufka 4, amma saƙo a wancan lokaci biyu kawai yake bi. Kuma a kowane ƙarshe akwai 'yan taransifomomi masu reshe a tsakiya. Wato Ethernet ta gaji gidan tarho da kayan ɗakinsa duka, har da ƙofar fatalwa, ba ta dai buɗe ta ba tukuna.

Tarho ne kuma ya sa aka buɗe ta. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni suka fara sayar da wayoyin tebur masu bi ta layin kwamfuta. Masu ofisoshi suka yi tambaya guda: in wuta ta ɗauke fa? Shekara ɗari mutane sun saba tarho ba ya mutuwa, ba za su karɓi sabon da ke bin halin fitilar ɗaki ba, balle a ce kowane tebur sai an nemo masa ƙarin soket. A 2000 kamfanin Cisco ya fara tura wuta ga wayoyinsa ta cikin layin, da tsarinsa na kansa. Wani ƙaramin kamfanin Isra'ila, PowerDsine, yana cikin waɗanda suka matsa a yi doka ɗaya da kowa zai bi. A watan Yuni na 2003 aka amince da ita da sunan 802.3af, fasahar kuma aka fi saninta da gajeren suna PoE.

Alƙaluman wannan doka sun cancanci a ɗan zauna a kansu, domin duk labarin yana cikinsu. Ta ce akwatin da ke rarraba layi zai iya ba kowane layi wat 15.4, amma na'urar da ke ƙarshe kada ta sa rai da fiye da wat 12.95. Ina sauran ya tafi? A ɗauki wuta kamar ruwan famfo: bolt shi ne ƙarfin turi, amfiya ita ce yawan ruwan da ke gudana, wat kuma shi ne abin da aka samu in an ninka su. Waya tana da nata taurin kai, ana auna shi da om, kuma masu dokar sun ƙaddara cewa layi mafi muni mai mita 100 zai kai om 20. Asarar da ake yi a hanya ita ce amfiya sau amfiya sau om. Iyakar gudu a dokar amfiya 0.35 ce. A ninka 0.35 da 0.35 da 20, za a sami 2.45. A cire shi daga 15.4, saura 12.95 cif. Wat biyu da rabi ɗin nan ladan hanya ne, ya zama ɗumi a cikin bango.

Yanzu a gwada tura bolt 5 kai tsaye, irin wanda ƙaramar kwamfuta ke sha. Don a sami wat 12.5 sai an tura amfiya 2.5, layin mai om 20 kuwa zai nemi ya cinye bolt 50 daga cikin 5 ɗin da aka ba shi. Ba ta yiwuwa. Dole a ɗaga turi a rage gudu, a sauke shi a bakin ƙofa. Dalilin da ya sa wutar Kainji ke tafiya a bolt 330,000 kafin taransifomar unguwa ta sauke ta ke nan, girma ne kawai ya bambanta.

Sai batun tsaro, wanda a ganina shi ne mafi kyawun abin da ke cikin dokar. Ramin waya iri ɗaya ne a jikin kowace na'ura, kuma akwai miliyoyin tsofaffin kwamfutoci da ba su san da zancen wuta ba. In aka sakar musu bolt 48 ana iya ƙona su. Saboda haka akwatin rarraba layi ba ya sakin wuta sai ya yi sallama. Yakan tura ɗan turi kaɗan, bai wuce bolt 10 ba, ya auna abin da ya tarar. In ya ji taurin om 25,000, alamar da aka yi yarjejeniya a kanta, ya san mai gidan yana so, sai ya saki. In bai ji ba, saƙo kawai zai aika. In an zare wayar kuma nan take ya janye wutar. Ba kowa ya bi wannan ladabi ba. Fararen na'urorin nan da ake ɗaurewa a kan dogayen ƙarafa a saman shagunan intanet, da yawansu bolt 24 suke sha ta silin da ba a amfani da su, ba sallama ba tambaya, kuma masu harkar sun san abin da kan faru in aka soka irin wannan waya a ramin da ba nata ba.

Dokar ta ci gaba da girma: a 2009 aka ɗaga abin da na'ura za ta samu zuwa wat 25.5, a 2018 kuma, da aka sa tufka huɗun duka aiki, ya haura wat 71. Kyamarorin tsaro da na'urorin Wi-Fi na jikin silin su suka fi cin moriya.

Ita Raspberry Pi ta wata hanya daban ta ɓullo. A jami'ar Kambirij ta Ingila, Eben Upton da abokan aikinsa sun lura a tsakiyar shekarun 2000 cewa masu neman karatun kimiyyar kwamfuta suna raguwa, waɗanda ke zuwa kuma ba su iya abin da na baya suka iya ba. Na baya sun taso da BBC Micro, kwamfutar da kamfanin Acorn ya fitar a 1981, wadda da ka kunna ta sai ta tsaya tana jiran ka rubuta mata umarni. Yaran baya-bayan nan kuwa sun taso da kwamfutar gida mai tsada da ba a yarda su kwance ta ba. Maganin da suka hango shi ne kwamfuta mai arhar da in yaro ya lalata ta ba za a yi masa faɗa ba. Aka fara sayar da ita ranar 29 ga Fabrairu, 2012, a kan dala 35. Dubu goma aka fara ƙerawa. Shafukan dillalan biyu, RS Components da Premier Farnell, suka durƙushe a safiyar saboda cunkoso, kuma cikin shekara guda an sayar da kusan miliyan ɗaya.

Ta farkon ba ta da matsalar wuta, ba ta da ta zafi. Ƙwaƙwalwarta irin ta wayar hannu ce, daga zuriyar ARM, wadda ita ma a gidan Acorn aka haife ta. Wat uku da rabi ya ishe ta, cajar waya take sha, ba fanka ba komai. Shirun nan nata yana cikin abin da ya sa aka so ta.

Amma ba yara kaɗai suka saye ta ba, ba ma su suka fi saye ba. Injiniyoyi suka gano cewa ga kwamfuta cikakkiya da za a iya mannawa a bayan allon talla a filin jirgi, ko a saman rufi tana auna iska, ko cikin masana'anta tana ƙirga kaya. Irin waɗannan wurare kuwa abu ɗaya ya haɗa su: babu soket a kusa. Kiran mai gyaran wuta ya ja layi zuwa saman rufi ya fi kwamfutar tsada sau da yawa, alhali wayar sadarwa kowa na iya ja. Akwai kuma wata fa'ida da sai wanda ya taɓa kula da na'urori da yawa ya san daɗinta. In kwamfutar da ke saman dogon ƙarfe ta sandare, ba sai an ɗauko tsani ba, daga ofis za a kashe wutar layinta a sake kunnawa. Shekara da shekaru mutane suna ta roƙon a sa mata PoE, suna ta maneji da 'yan akwatunan raba wuta na wasu kamfanoni.

Kamfanin ya daɗe yana jan ƙafa, kuma yana da hujja. Dokar ta wajabta a raba wutar layi da jikin na'ura da katangar da za ta jure bolt 1,500, don kada matsalar wani gini ta biyo waya ta shiga wani. Wannan na bukatar taransifoma ta musamman da tarkacenta, ga kuɗi ga cin wuri. A ɗora wa kowane mai saye wannan nauyi, har da ɗalibin da ba zai taɓa amfani da shi ba, zai karya alƙawarin dala 35. Mafitar da suka samu ta fito ranar 14 ga Maris, 2018, a samfurin 3B+: 'yan ƙusoshi huɗu kacal a jikin allon. Ba komai ba ne illa rassan tsakiyar taransifomomin nan, ƙofar fatalwar su Carty, an fito da su fili. Mai so ya sayi hula ta ɗauka daga nan, wanda ba ya so bai yi asarar komai ba. Ina ganin ko yau aka sake zama, shawarar da za a yanke ke nan.

To me ya kawo fanka cikin zancen? Abu biyu. Kafin 2018 kwamfutar ta riga ta fara zafi. Samfurin 2016 mai ƙwaƙwalwa huɗu, in aka matsa masa aiki, yakan haura digiri 80 a ma'aunin Salsiyos, daga nan sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A 3B+ an rufa wa ƙwaƙwalwar murfin ƙarfe mai baza zafi, an kuma sa ta sauko daga gudun gigahaz 1.4 zuwa 1.2 da zarar ta kai digiri 60. Na biyu kuma, hular kanta ita ce ta ƙara tsananta lamarin. Ta zauna daidai saman ƙwaƙwalwar ta tare iskar da ke ɗauke zafi, sannan aikin sauke bolt 48 zuwa 5 ba ya yiwuwa sai da asara, asarar kuma zafi ce. Ka rufe mutum da bargo ka kuma ajiye masa kasko a gefe, ai fifita ta zama dole. Aka huda tsakiyar hular aka sa fanka, aka ba ta wata 'yar ƙwaƙwalwa tata da ke karɓar umarni daga kwamfutar, ta tashi in zafi ya hau ta kwanta in ya sauka. Masu saye da yawa ba su ji daɗin kukanta ba. Ƙaramar fanka sai ta yi gudu sosai kafin ta motsa iskar kirki, sautinta kuma siriri ne kamar na sauro.

Amma ba kukan fanka ne ya mayar da hular ɗakin gwaji ba. Mutane sun lura cewa da sun soka abin da ya fi linzami ko allon rubutu shan wuta a ramukan USB, sai kwamfutar ta ce an wuce iyaka ta yanke wa ramukan wuta, alhali ba a kusanci iyakar ba. Wani abin ɗaure kai kuma, hula ɗaya takan yi lafiya a kan wannan kwamfuta ta ƙi a kan waccan, ga su samfuri ɗaya.

Bayanin da Upton ya bayar a watan Satumba na shekarar ya nuna yadda abu ke ɓuya a tsakanin kaya biyu da kowannensu lafiyarsa lau. Na'urar sauke wutar da ke kan hular ba a miƙe take zubo wuta ba, guda-guda take tunkuɗo ta, kuma tazarar da ke tsakanin tunkuɗa da tunkuɗa tana da ɗan faɗi, don haka kowace tunkuɗa babba ce. A kan kwamfutar kuma akwai wani ɗan mai gadi da aikinsa shi ne ya yanke wutar USB in ya ga gudu ya yi yawa, a bayansa akwai kafasitoci da ke tara wuta. Duk tunkuɗa sai kafasitocin su zuƙe ta a gurguje ta cikin mai gadin, shi kuma ya ɗauka gobara ce ta tashi. Ashe kuma daga kamfanoni biyu ake sayo mai gadin, na ɗaya yana da haƙuri, na ɗayan yana da saurin firgita. Gwajin kaya masu nauyi da aka yi kafin fitarwa duk ya faɗa kan kwamfutoci masu mai gadi mai haƙuri, waɗanda aka ba su gwaji a waje kuma yawancinsu linzami da allon rubutu kawai suka soka. Ba wanda ya haɗa mai firgita da kaya mai nauyi sai da kaya ya shiga kasuwa.

Kamfanin ya ba waɗanda suka saya zaɓin karɓar kuɗinsu ko canji. A watan Nuwamba ya bayyana gyaran: matatar wuta ce da ke lallashin tunkuɗar ta zama gudu mai laushi. Da yake an riga an ƙera huluna da yawa, sai aka ɗora matatar a kan wani ɗan mitsitsin allo aka manna a jikinsu. Hula ta sami tata hular.

Daga nan abin ya zama tsere tsakanin ƙarfi da zafi. Raspberry Pi 4 ta fito a watan Yuni na 2019 tana neman amfiya 3, tana kuma zafin da ya sa masu ita suka riƙa cire murfin akwatinta. An rage zafin da sabunta manhajar cikinta a watannin da suka biyo baya, amma a ƙarshen 2020 kamfanin da ya yi suna da kwamfuta marar fanka ya fito da fankar dala 5 ta cikin akwati. Wat 12.95 na dokar 2003 ya zama ƙaramar riga. A tsakiyar 2021, ana cikin ƙarancin kayan lantarkin da ya biyo bayan annobar korona, aka fito da sabuwar hula mai bin dokar 2009, tana ba da amfiya 4 a bolt 5, farashinta dala 20 kamar ta farko. Taransifomarta ma sabon salo ce: maimakon silin tagulla da aka naɗa, zanen tagulla ne a cikin allo, shimfiɗe, don ta yi gajarta.

Abin da ba ya canzawa shi ne duk wat ɗin da ya shigo ta waya, ƙarshensa zafi ne, kuma dole ya fita ta iska. Fanka ba ta sanyaya komai, iskar ɗaki kawai take turawa, don haka amfaninta ya dogara da tazarar da ke tsakanin zafin ƙwaƙwalwa da zafin ɗakin. A Kambirij, inda ɗaki kan zauna a wajen digiri 20, akwai tazarar 60 kafin a kai 80. A Sakkwato ko Yamai cikin Afrilu, inda inuwa ma kan haura 40, kashi ɗaya cikin uku na wannan tazara ya tafi tun ba a kunna komai ba, balle a ce akwatin yana ƙarƙashin rufin kwano. Iyakar digiri 60 ta samfurin 3B+ kuwa, a irin wannan wuri kusan a bakin ƙofa take. Sannan ga ƙurar hunturu, wadda fanka ke zuƙowa ta tara a kan allo, kuma a duk kwamfutar fankar ce kaɗai abin da ke motsi, ita ce kuma ta farkon gajiya. Shi ya sa masu kafa irin waɗannan na'urori a wurare masu wuyar hawa da yawa suka fi son akwatin alminiyam mai haƙarƙari, wanda jikinsa duka ke shan zafin ya watsar, su raba wutar a waje da ɗan akwati daban.

Ta ɓangaren wuta kuwa, inda lantarki ba shi da tabbas tsarin ya fi ma'ana fiye da inda aka ƙirƙiro shi. Maimakon a nemo wa kowace kyamara da kowace 'yar kwamfuta batirinta, sai a tara batiri a ɗaki ɗaya tare da akwatin rarraba layi, a ja waya zuwa ko'ina cikin mita 100. Batiran sola huɗu masu bolt 12 in aka jera su, bolt 48 suke bayarwa, adadin da masu tarho suka tsayar.

Raspberry Pi 5 ta fito a watan Oktoba na 2023. Cajarta ta wat 27 ce, kusan ninki takwas na abin da ta 2012 ke sha, kuma a karon farko an yi wa fanka mazauninta a jikin allon, da ramukan ɗaure ƙarfen shan zafi mai fanka da kamfanin ke sayarwa dala 5. Wato wurin da hula ta saba zama, saman ƙwaƙwalwa, yanzu yana da mai shi. An kuma matsar da ƙusoshin nan huɗu zuwa wani gefe, saboda an sauya wa ramin waya wuri, don haka hulunan 2018 da 2021 ba sa shiga. Wasu kamfanoni, irin su Waveshare na ƙasar Sin, suka yi maza suka ƙera nasu hulunan, wasu da fanka da ƙarfen shan zafi a haɗe. Iyakar abin da dokar 2009 ke bari ya iso ƙarshen layi wat 25.5 ne, kafin a cire asarar saukewa da abin da fankar za ta sha, alhali kwamfutar, in an cika mata ramukanta da kaya, tana iya neman wat 25.